Yaushe ya kamata a cire ƙashin da ya tsiro a gwiwar hannu bayan rauni?

Wani bawan Allah, tela a Tudun Wada nan Kaduna, ya aiko da tambaya. Wata biyar ke nan da ya faɗi da babur a hanyar Kawo, gwiwar hannunsa ta dama ta goce, ƙashi ya karye, aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. An ce masa karayar ta haɗe, amma hannun ya ƙage: ba ya miƙewa, ba ya kai loma baki. Hoto ya nuna wani ƙashi ya tsiro a bayan gaɓar da gefenta na ciki. Likita ɗaya ya ce a jira shekara ɗaya da rabi kafin a taɓa shi, wani ya ce a cire nan da wata guda. Kwanan nan kuma ƙaramin yatsansa ya fara mutuwa, wani lokaci ya ji kamar ana tsira masa allura. Yana so ya san maganar wa zai bi.

Malam, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Na daɗe ina aikin ƙashi a garin nan, irin hannunka na gan shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma yawancinsu babur ne sila. In har yadda ka rubuto haka abin yake, ina tare da likitan da ya ce kada a kai shekara ɗaya da rabi. Kada ka ɗauka na farkon bai san aikinsa ba. Abin da ya gaya maka shi aka koya mana, shi ke cikin tsofaffin littattafai, kuma akwai marasa lafiyar da har gobe maganarsa ce daidai a kansu. Kai dai ba ka cikinsu, ga kuma yatsan nan da ya shigo cikin lissafi.

Wannan ƙashi da ka gani a hoto ba ɓallin karayar ba ne da aka manta a ciki, kuma ba ciwon daji ba ne. Sabon ƙashi ne da jiki ya gina a inda tsoka da tantanin gaɓa ya kamata su kasance. A takardarka mai yiwuwa ka ga an rubuta haruffa biyu, HO, to shi ake nufi. Lokacin da gaɓa ta goce, nama ya yage, jini ya taru, jiki yakan aika saƙon a yi gyara. Akwai wasu ƙwayoyin halitta a cikin tsoka da za su iya zama nama ko guringuntsi ko ƙashi, gwargwadon saƙon da ya iske su. In saƙon ya yi ƙarfi ya wuce wurin karayar, sai su fara gina ƙashi a cikin nama. Da farko abu ne mai taushi, hoto ma ba ya nuna shi sai bayan kamar mako uku zuwa shida, lokacin yana kama da hayaƙi ko auduga. Sannu a hankali yake tauri, daga gefe zuwa tsakiya, har ya yi ɓawo irin na ƙashin gaske. Gwiwar hannu tana cikin gaɓoɓin da suka fi yin haka, musamman in gocewa ta haɗu da karaya kamar taka, ko an daɗe ba a mayar da gaɓar ba, ko an yi ta jan ta ana murzawa. Wanda ya bugu a kai har ya daɗe a sume, da wanda lakarsa ta taɓu, da wanda wuta ta ƙone shi sosai, su nasu ya fi yawa, har yakan fito a gaɓar da ba ta ji ciwo ba ko kaɗan.

To me ya sa a da ake cewa a jira? Tsoro ne mai dalili. Likitocin da suka gabace mu sun ga an cire ƙashin yana ɗanye, ga zubar jini da yawa, ga ba a iya gane iyakarsa da nama, bayan 'yan watanni kuma ya dawo, wani lokaci fiye da na farko. Sai suka ce a bari wutar ta mutu tukuna. Suka riƙa auna nunarsa da wani gwajin jini mai suna alkalin fosfates, da wani hoto da ake ɗauka bayan an yi wa mutum allurar sinadari mai haskawa, ana jira sakamakon ya sauko. Daga baya aka gane waɗannan gwaje-gwaje biyu ba sa faɗin ko ƙashin zai dawo, shi ya sa yawancinmu muka daina dogara da su.

Akwai wani abu da nake so ka riƙe. A 1991 wani likitan ƙashi a Amurka mai suna Garland ya ba da shawarar da ta yaɗu ko'ina: wanda rauni ne kawai ya jawo masa, a cire a wata 6; wanda lakarsa ta taɓu, a shekara 1; wanda ya samu rauni a ƙwaƙwalwa, a wata 18. Ka ga ke nan shekara ɗaya da rabin da aka faɗa maka, ko a tsohon tsarin ma, na mai raunin ƙwaƙwalwa ne. Da tafiya ta yi tafiya sai lambar ta fita daga muhallinta, aka riƙa ɗora ta a kan kowa. Bayan haka wasu suka gwada cirewa da wuri suka rubuta abin da suka gani. McAuliffe da Wolfson a 1997 sun cire wa mutum takwas tsakanin wata 3 zuwa 10 bayan rauni, suka haɗa da haska wurin da irin na'urar da ake gasa ciwon daji da ita, ƙashin bai dawo ya hana motsi ba. Viola da Hanel a 1999 su ma sun yi aikin wajen wata biyar zuwa shida bayan rauni, hannayen suka buɗe. Adadin mutanen ba shi da yawa, amma rahotannin da suka biyo baya hanya ɗaya suka bi: in an zaɓi mara lafiya da kyau, cirewa a watannin farko ba ta sa ƙashin ya fi dawowa.

Abin da tsohon tsari bai sa a sikeli ba shi ne kuɗin da jira yake caja, kuma nan ne nake so in tsaya. Gaɓa da motsi take rayuwa. Guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙasusuwa ba shi da hanyar jini, daga ruwan cikin gaɓa yake samun abinci, ruwan kuma sai an lanƙwasa an miƙe yake shiga yana fita, kamar soso. In gaɓar ta tsaya wuri ɗaya wata da watanni, guringuntsin yakan yi laushi ya sirance. Tantanin da ya kewaye gaɓar, wanda a da siriri ne mai talewa, sai ya yi kauri ya tsuke. Tsokar gaba da ta baya su gajarce su rame. Ƙashin hannun kansa ya yi sako-sako don ba a aiki da shi, har ya zama ana tsoron kada ya karye a hannun likita ranar aikin. Kafaɗa da wuyan hannu su ɗauki nauyin da ba nasu ba, su ma su fara ciwo. Saboda haka mutumin da ya jira wata 18, in aka cire masa ƙashin tsaf, sau da yawa sai a tarar hannun bai buɗe yadda ake so ba, don yanzu ba ƙashin kaɗai ke riƙe da shi ba. Na taɓa karɓar wani saurayi makanike da ya zo bayan fiye da shekara biyu hannunsa na daskare. Ƙashin ya nuna sarai, ya fita cikin sauƙi, amma da muka leƙa cikin gaɓar guringuntsin ya riga ya lalace. Ya samu motsi, sai dai da ciwo, kuma har yau in na tuna shi raina yana sosuwa, don ba rashin zuwa asibiti ya yi ba, jira aka ce ya yi, ya yi biyayya.

Ga kuma abin da littattafan waje ba sa lissafawa. Hannun dama ne. Da shi kake ci, da shi kake gaisawa, da shi kake kai ruwa fuska a alwala, da shi kake riƙe almakashi. Magidanci ya shekara ɗaya da rabi yana cin tuwo da hagu yana ba mutane haƙuri, shagonsa a hannun yara, wannan ma ciwo ne, kuma ya kamata likita ya sa shi a ma'auni.

Hannu mai lafiya yana tafiya daga miƙewa sarai zuwa lanƙwasar kamar digiri 145. Wani likita mai suna Morrey da abokan aikinsa sun auna a 1981 suka ga yawancin ayyukan yau da kullum suna yiwuwa in hannu na motsi tsakanin digiri 30 zuwa 130, kuma tafin hannu na iya juyawa digiri 50 sama, 50 ƙasa. Wannan shi ne ma'aunin da muke amfani da shi. Wanda hoto ya nuna masa ƙashi amma hannunsa na cikin wannan iyaka, ba ruwanmu da ƙashin, a bar shi ya zauna, ba hoto muke yi wa aiki ba. Kai da loma ba ta kai baki, ka fita daga wannan rukuni.

Saboda haka ni ba kalanda nake dubawa ba, hannun nake dubawa. Abu na farko, karayar ta haɗe da gaske? Wannan ba a sassauta shi, domin bayan aikin za a motsa hannun da ƙarfi tun washegari, in ƙashin asali bai haɗe ba zai buɗe. Sai in duba fata: rauni ya warke, ba ruwa, ba ƙurji, ba alamar ƙwayar cuta a kusa da ƙarfen. Sai in taɓa gaɓar: zafi da ja da kumburin watannin farko sun lafa? In har gwiwar na da ɗumi, tana ciwo ko ba a motsa ta ba, to ginin bai ƙare ba, a ƙara mata lokaci. Sai in jera hotuna biyu ko uku da aka ɗauka da tazarar makonni: girman ƙashin ya tsaya, gefensa ya fito fili kamar an zana da biro, ba hayaƙi-hayaƙi ba? Sai in tambayi mai gashin ƙashi: a makonnin nan shida ko takwas an samu ƙarin ko digiri biyar? In ana samu, a ci gaba da gashi. In hannun ya tsaya cak, kuma a ƙarshen motsi ana jin ya daki abu mai tauri kamar ƙofa ta daki dutse, to gashi ya gama nasa. A wanda rauni ne kawai, waɗannan sharuɗɗa sukan cika wajen wata huɗu zuwa shida, wasu su ɗan wuce. Kai kana wata na biyar, don haka maganar likita na biyu ta hau daidai.

Kafin a shiga aiki ka nemi a yi maka siti sikan, ko da kuɗinsa zai ɗan matsa maka. Hoto na yau da kullum inuwa ce kawai, shi kuwa sikan yana nuna inda ƙashin ya fara da inda ya ƙare, ko ya haɗa ƙasusuwan biyu na damtse ya hana juya tafin hannu, ko karayar ta haɗe ta ciki, ko bakin gaɓar na nan lafiya. Da shi likita zai san ta wane gefe zai shiga.

Yanzu yatsan. A bayan ƙullutun da ke gefen ciki na gwiwar hannu akwai wata jijiya da ke bi ta wani ɗan kwari, ita ce in ka buge ta da kujera kake jin kamar lantarki ya ja ka har ƙaramin yatsa. Sunanta jijiyar alna. Ita ke kai ji ga ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi, kuma ita ke sarrafa yawancin ƙananan tsokokin tafin hannu, waɗanda tela ke riƙe allura da zare da su. Daidai inda ka ce ƙashinka ya tsiro, nan take bi. Ƙashin yana iya danne ta, yana iya ma zagaye ta ya rufe kamar bututu. Jijiya ba ta da haƙurin ƙashi. In matsin ya daɗe, bayan mutuwar yatsa sai rashin ƙarfi ya biyo: naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ya faɗa, yatsun biyu na ƙarshe su tanƙware, mukulli ya gagare ka murɗawa. In aka kai nan, ko an saki jijiyar ba lallai ƙarfin ya dawo duka ba. Shi ya sa jijiyar da ke ƙara lalacewa dalili ce ta gaggauta aiki ko da sauran sharuɗɗan ba su gama cika ba. Ka gwada yau: sa takarda tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, wani ya ja, ka kwatanta da hagu. In dama ta fi saki, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka koma asibiti cikin makon nan ka faɗa da bakinka.

Waɗanda nake ce wa su ƙara haƙuri su ne wanda karayarsa ba ta haɗe ba, da mai ƙwayar cuta a wurin, da mai ƙunar da fatarsa ba ta rufe ba, da mai raunin ƙwaƙwalwa da tsokokinsa ke ɗaurewa ko bai dawo hayyacin da zai bi umarnin gashi ba. Su ma ɗin yanzu an fi duba halin da suke ciki fiye da ƙirga watanni.

Wata magana da ba zan tsallake ba. Na san a gida za a ce maka icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a kai ka wurin mai ɗori ya taka hannun ya miƙar da shi, ko a rataya maka bokitin ruwa. Don Allah kada ka yarda. Ba raina masu ɗori nake yi ba, mutanenmu ne, da yawansu taimako suke nufi. Amma abin da ya tare hannunka ƙashi ne, ƙarfi ba ya lanƙwasa shi. Abin da zai yage nama ne, jini ya sake taruwa, kumburi ya dawo, a koma gidan jiya. In an yi rashin sa'a karayar ta buɗe ko jijiyar ta ƙara jin ciwo. Motsin da ake so shi ne wanda kai da kanka kake yi, a hankali, sau da yawa a rana, zuwa inda ciwo ya fara, ba wanda wani ƙato zai danne ka ya yi maka ba.

Shi aikin kansa ba ƙarami ba ne, kuma ba kowane mai fiɗa ne ya saba da shi ba. Mai yin sa zai fara nemo jijiyar nan ya ware ta gefe, sau da yawa ya mayar da ita gaban ƙullutun, domin hannun da ya daɗe bai lanƙwashe ba in aka lanƙwasa shi rana ɗaya jijiyar takan ja ta ƙara ciwo. Sannan ya sassare baƙon ƙashin, ya saki tantanin da ya tsuke, ya kiyaye igiyoyin da ke riƙe gaɓar ta gefe kada ta koma gocewa. Ƙarfen da ke ciki in ba ya tare komai ana iya barin sa. Ka tambayi likitan kai tsaye ko ya saba yin wannan aiki da abin da zai yi da jijiyar. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Akwai likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Sojoji na 44 a nan cikin gari, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano in ana son ƙarin ra'ayi.

Batun hana shi dawowa, hanya biyu aka sani. Akwai maganin indometasin da ake sha na wasu makonni bayan aiki. Likitoci sun sha bamban a kan amfaninsa a gwiwar hannu, don shaidar da ta fi ƙarfi daga aikin ƙugu ta fito. Yana tayar da gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana iya jinkirta haɗewar ƙashi, saboda haka ba abin da za ka saya a kemis da kanka ba ne. Ta biyu ita ce haska wurin sau ɗaya, cikin kwana uku bayan aiki, da irin na'urar da ake gasa ciwon daji da ita, wadda sashenta a jiharmu yake Shika. Wannan an fi ajiye ta ga wanda nasa ya taɓa dawowa ko haɗarinsa ya yi yawa. A 2010 an buga wani bincike na Hamid da abokansa a Amurka inda aka haska gwiwar hannu jim kaɗan bayan sabuwar karaya, dole aka dakatar da binciken don karayar da yawa daga waɗanda aka haska ta ƙi haɗewa. Wannan ma wani dalili ne da ya sa nake nanata a tabbatar taka ta haɗe kafin komai.

Ka shirya zuciyarka a kan abu biyu. Hannun da wuya ya koma kamar na hagu; abin da muke nema shi ne ya kai baki, ya kai fuska, ya miƙe yadda za ka yi sujada ka yi yanka a tebur. Kuma digirin da likita ya samu a ɗakin tiyata aro ne, kai za ka mayar da shi naka. Motsi yana farawa washegari ko jibi, da ciwo, da kumburi, ana ba ka maganin rage zafi don ka iya. Makonni shida na farko su ne mafi muhimmanci, gashi kusan kullum, atisaye a gida sau da yawa a rana, wani lokaci da abin ɗaure hannu da dare, kuma ana ci gaba har wata uku zuwa shida. Wanda aka yi wa aiki mai kyau ya koma gida ya rataye hannu a wuya, tabo zai sake ƙage shi ko ƙashi bai dawo ba. In kana shan taba ka ajiye ta tun yanzu, in kana da ciwon suga a daidaita shi kafin ranar.

Saboda haka da za ka koma wurin likita na biyu, ka tafi da dukkan hotunanka tun na ranar haɗari, a jere bisa kwanan wata, da takardar mai gashin ƙashi mai nuna digirin da aka auna kowane zuwa. Ka fara gaya masa maganar yatsan kafin ya tambaya. Ku tsayar da ranar aikin tare da ranar fara gashi a zama ɗaya, ka san wanda zai riƙa kai ka da kuɗin motar zuwa da dawowa na aƙalla mako shida. Tunda ɗinki kake yi, ka dubi lokacin da aiki ke yi maka yawa, azumi da gabanin Sallah, ka damƙa shagon ga wanda ka yarda da shi tun kafin a kwantar da kai, don kada kayan mutane su ja ka kan keke a makonnin da ya kamata kana wurin gashi. In kuwa gwajin takardar nan ya nuna yatsun sun fara rauni, to ba a jiran Sallah ta wuce.